Otti Pietsch da Cibiyar Tsohuwa

Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina wanke ganguna a gidan giyar Falkenau, inda ake haɗa giyar inabi, kuma a duk tsawon nan ban taɓa jin Otti Pietsch ta kira sunana na gaskiya ba sai in na yi laifi. Sunana Clarrie. A bakinta kuwa ni Tulu ne, saboda tumbina. "Kai Tulu, matsa min, ka tare rana." Haka muke gaisawa da safe tun ina da gashi a kai.

'Yar mitsitsiyar mace ce, busasshiya, da hular ulu da ba ta rabuwa da ita ko da ana zafin da ke narka kwalta. Aikinta datse rassan inabi, abin da muke kira aski. Ta fara tana yarinya a bayan mahaifinta, ta tsufa a kai. In ka ga tafin hannunta sai ka rantse ɓawon itace ne. Ba ta da muƙami, ba ta da ofis, hotonta ba ya jikin kwalba. Amma a Tudun Coci, gonar da sunan gidan nan ya dogara a kanta, babu mai sa almakashi sai ita, har da maigidan kansa Rolf, wanda ita ta koya masa riƙe almakashin yana ɗan makaranta.

Duk wanda ya san jan giya ya san Falkenau ko da bai taɓa taka kwarin Barossa ba, kuma in an ce Falkenau to Tudun Coci ake nufi. Layukan kurangar inabi ne kaɗan a bayan ƙaramar majami'armu, kan jar ƙasa mai tsakuwa. Kakannin kakanninmu da suka tsallako teku suka dasa su, kuma tun daga ranar ba a taɓa ba su ruwa da hannu ba. Abin da sama ta zubo shi ke nan. Na ga shekarun fari da tumaki suka mutu, dam ya tsage, itacen da ke ƙofar gidana ya bushe, amma kurangar nan ta fid da ganye kore shar kamar ba ta ji labari ba. Rolf ya ce saiwarsu ta nutsa ƙasa fiye da tsayin majami'ar. Ban auna ba, amma na yarda.

'Ya'yansu ƙanana ne, baƙaƙe wuluk, kuma rowa gare su, sai ka zaga kuranga biyu kafin ka cika bokiti. Giyar da ke fita daga cikinsu ma haka take da taurin kai. In tana sabuwa ka kurɓa, sai ta damƙe maka harshe kamar shayin da aka manta a buta. Baƙi da yawa sun ɗanɗana daga ganga sun yatsine fuska, suna kallona kamar na yaudare su. Sai an bar ta ta kwana shekara goma sha biyar ko ashirin a duhu tukuna take sakin jiki. A lokacin nan, kai jama'a! Ka buɗe kwalba ɗaki ya cika. Da farko baƙin ɗan itace nunanne, sai yajin masoro ya biyo, can ƙarshe sai ƙamshin jar ƙasarmu ranar ruwan farko. Ka haɗiye, ka yi hira, ka tashi ka kai ƙofa, har yanzu tana bakinka. Na taɓa ganin wani dattijo da ya zo takanas daga Japan ya kurɓa ya ajiye kofi, ya fita waje ya tsaya yana kallon tudun har motarsu ta tashi. Ni da nake wanke gangunanta kullum, har yau in na cire marfi na sa hanci sai tsigar jikina ta tashi.

Otti kuwa rabin kofi take sha, ranar Kirsimeti da ranar jana'iza. In Rolf ya tambaye ta yaya ta ji, sai ta ce, "Ba laifi." Shekarar da gidan ya ci kyautar da jaridu suka yi ta bugawa, ta ce, "Ba laifi, amma an tsinke inabin da wuri."

Mijinta ya rasu tun 'yarsu Leanne tana ƙarama, tarakta ta kife da shi a gangare. Otti ba ta sake aure ba. A ɗan gidan dutsen da ke gindin tudun ta raini yarinyar, tana goya ta zuwa gona a cikin akwatin inabi. Leanne ta tashi da son gonar nan kamar me, tana da hannu kuma, ni shaida ne. Amma ranar da ta gama sakandare Otti ta haɗa mata kaya ta sa ta a motar birnin Adelaide ta je ta koyi aikin jinya. Yarinya tana kuka tana cewa, "Mama, ki bar ni nan mana, ni ma zan iya aski." Otti ta ce, "Na san za ki iya, shi ya sa za ki tafi." In Leanne ta ce za ta zo hutun ƙarshen mako, sai ta ce mata ta zauna ta yi karatu. Matata Joyce ta taɓa tare ta a ƙofar majami'a ta ce, "Haba Otti, wace irin zuciya ce da ke? 'Yar taki guda ɗaya tal!" Otti ta ce, "Joyce, kek ɗinki na makon jiya bai gasu a tsakiya ba." Ta wuce abinta.

To, a cikin layukan Tudun Coci akwai wata kuranga a can sama kusa da katangar makabarta wadda muke kira Tsohuwa. An ce ita aka fara dasawa. Kututturenta ya kai kaurin cinyata, a murɗe, a tsage, da rami a ciki har ƙadangaru na kwana. Baƙi in sun zo, bayan sun tsoma takalmansu a ruwan magani a bakin gona don kada su shigo da cuta, ita suke fara nema su ɗauki hoto. Ni dai ban taɓa wuce ta ban rage murya ba, kuma ba ni kaɗai ba.

Wata shekara da sanyi, lokacin aski, Otti ta shigo rumbun ganguna, abin da ba ta saba ba, don ta ce wurin warin maza yake. Ta ce, "Tulu, ɗauko shebur. Ka kira Rolf."

Muka hau tudu. Hannu ɗaya na Tsohuwa, wato ɗaya daga manyan rassanta, ya mutu, itacen ya yi baƙi daga ciki, ciwon da ke cin tsofaffin kuranga sannu a hankali. Rolf ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Otti, shekara nawa kike ba ta?"

"Ni ce Allah? Tana tafiya dai."

Ashe tun bara ta gani ba ta gaya wa kowa ba. Ta bar wani reshe guda daga lafiyayyen hannun ya yi ta tsawo bai ga almakashi ba, har ya kai ƙasa. Kusa da Tsohuwa kuma akwai gurbi, inda wata kuranga ta mutu tun da daɗewa. Mu a Tudun Coci ba ma sayo dashe daga waje mu cike gurbi. Reshen maƙwabciya ake lanƙwasowa a binne tsakiyarsa a rami, a bar kansa ya leƙo sama a ɗaure shi da turke. Uwar tana shayar da shi ta wannan reshen har ya yi saiwar kansa a ƙasa. Mahaɗin nan shi muke kira cibiya. Bayan shekara uku a yanke ta, kuma al'adarmu wanda ya binne shi ne yake yankewa, ba wani ba.

Ni na haƙa ramin tana tsaye a kaina tana cewa na karkace. Ita ta lanƙwasa reshen, a hankali, a hankali, tana murza shi da yatsu don kada ya karye, ta kwantar da shi ta tura ƙasa da tafin hannu. Rolf ya cire hularsa, ban san ko ya san ya cire ba. Na ce, "Otti, me zai hana a bar su a haɗe kawai? Mene ne na yankewa?"

Ta kalle ni kamar na zagi fasto. "Shekara arba'in a gidan nan, kanka har yanzu fanko. In ba ka yanke ba, yaushe za ta nemi ruwa da kanta? Tana samu a ɓagas za ta nutsa ƙasa? Sai ta zauna tana tsotsar uwar har su mutu tare."

Maganar kuranga take yi. Amma Leanne ce ta faɗo min a rai, kuma na san Rolf ma ita ya tuna.

Reshen ya kama. Shekara ta zagayo ya yi ganye, ya yi ƙarfi, Otti tana kiransa 'Yar Tsohuwa, tana hana kowa zuwa kusa da fartanya. A sanyin shekara ta biyu, da hantsi, na hango hular ulu a ƙasa tsakanin layuka. Na ruga da tumbina na same ta kwance, baki a karkace, almakashin yana damƙe a hannunta na hagu don na dama ya saki. Ɓarin jikinta ya shanye. Ina riƙe da kanta ina kuka kamar yaro, ita kuma tana ƙoƙarin yin magana. Na kai kunne. Cewa take na taka mata rassan da ta tara.

Ta yi watanni a asibiti. Magana ta dawo, kaifinta ma ya dawo, amma ƙafar dama sai ja, hannun dama kuma ya tafi ke nan. Leanne a lokacin babbar ma'aikaciyar jinya ce a Adelaide, 'ya'yanta sun girma sun bar gida, aurenta ya mutu. Ta ce wa uwar ta dawo wurinta, akwai ɗaki. Otti ta ce a'a. Leanne ta ce to ita za ta ajiye aiki ta dawo gidan dutse. Otti ta ce in ta kuskura ba za ta buɗe mata ƙofa ba. Ta koma gidanta ita kaɗai da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu.

Kowace Asabar Leanne za ta tuƙo mota ta zo. Ta yi shara, ta yi wanki, ta dafa miyar mako ta zuba a robobi. Rana na karkata sai uwar ta fara: "Ki kama hanya kafin dabbobin nan, kangaru, su fito titi." A kujerar bayan motar kuwa kullum akwai wata shuɗiyar jaka a ɗaure. Ban taɓa ganin an shiga da ita gidan ba. Ta zo da ita, ta koma da ita.

Otti ta faɗi sau biyu a wannan shekarar. Na biyun a banɗaki, ta kwana a ƙasa sai da Joyce ta kai mata burodi da safe ta same ta. Likita ya ce ba za ta ƙara yin wani sanyin ita kaɗai ba. Sai ga Otti ta yanke nata hukuncin ba ta shawarci kowa ba: ta sa an kama mata gado a gidan tsofaffi da ke garin Tanunda. Ta ce abu ɗaya ya rage mata a tudun nan, ta yanke cibiyar 'Yar Tsohuwa. Ranar da ta yanke, washegari a kai ta.

Leanne ta same ni a rumbu, ta zauna kan wata ganga, mace mai furfura a kai tana kuka kamar ranar motar Adelaide. Ta ce, "Kawu Clarrie, iyayen mutane nawa na wanke, na ciyar, na riƙe musu hannu har suka cika? Tawa uwar ta gwammace baƙi su juya ta da ni. Me na yi mata?"

Na ce, "Ba ki yi mata komai ba, 'yar nan."

"To ka yi mata magana."

Na je. Wallahi na je, har da wanke fuska. Na ce, "Otti, yarinyar nan so take ta kula da ke, ba wani abu ba." Ta ce, "Ban fid da ita daga gonar nan don ta dawo tana kwashe min fitsari ba. Ka sha shayinka ka tafi, Tulu, kana cinye min biskit." Raina ya ɓaci, na ce mata ita dutse ce. Ta ce ta gode.

Ranar ta zo, wata Asabar a tsakiyar sanyi, raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa. Rolf ya kawo a-kori-kurarsa har ƙofar gidan dutse, muka ɗaga ta muka sa a gaba, ya ja a hankali zuwa bakin layi. Daga nan ta ce da ƙafarta za ta ƙarasa. Leanne na gefe ɗaya, Otti ba ta yarda ta taɓa ta ba, ni ina ɗaya gefen da shebur, don ta ce sai an tona an ga saiwar 'yar kafin a yanke. Tun da ta kwanta ciwo ba ta hau tudun nan ba. Mu muka tsinke inabin Tsohuwa a kakar da ta wuce, ni da Rolf, muna lallaɓawa kamar masu ɗaukar ƙwai, kuma ta ba da 'ya'ya daidai gwargwado, har muka yi murna.

Na tona gindin 'Yar Tsohuwa. Saiwa fara tas, mai kauri, ta nufi ƙasa. Otti ta leƙa ta ce, "Ba laifi." Ta saki sandar ƙarfen ta zaro almakashi daga aljihu da hannun hagu. Cibiyar ta yi kauri ta kai babban yatsana, kuma don ta kai gare ta dole ta sunkuya. Sai ta jingina da kututturen Tsohuwa.

Kututturen ya tafi da ita. Ya karkata gaba ɗaya kamar haƙorin da ke shirin fita. Leanne ta yi wuf ta rungumo uwar ta baya kafin ta kai ƙasa, ni kuma na tare itacen da kafaɗa.

Muka yi cirko-cirko. Kurangar da ta shekara ɗari da ɗoriya tana riƙe da ƙasa ba ta girgiza haka. Otti, tana jikin 'yarta, ta ce, "Clarrie, tona nan." Da na ji sunana na gaskiya sai na san abin ba na wasa ba ne.

Na ajiye shebur na tona da hannu. Saiwar farko da na kama ta marmashe a tafina, baƙa, ruɓaɓɓiya, tana warin fumfuna. Ta biyu ma haka. Na zagaye gindin kaf, na nutsa hannu har gwiwar hannu, ban sami saiwa ɗaya mai rai ba. Ba ta bana ba ce wannan mutuwar, ta daɗe.

Rolf ya ce a hankali, "Amma mun tsinki inabi a jikinta. Da hannuna na tsinka."

Otti ta dubi kurangar. Ta miƙa hannun hagu ta kankare ɓawon reshen Tsohuwa da farce. Kore shar, da danshi. Ta kankare wani, haka. Ta sa Leanne ta sunkuyar da ita, ta bi cibiyar da yatsu tun daga jikin uwar har inda ta shige ƙasa wajen 'yar, ta dawo, ta sake bi.

Sai a lokacin na gane. Ruwan ya juya. Reshen da aka binne don uwa ta shayar da 'ya, yanzu ta cikinsa 'yar take turo wa uwar ruwa. Tsohuwa ba ta da saiwa ko ɗaya a duniya, da ta 'yarta take tsaye, da ita ta yi ganye, da ita ta nuna inabin da yanzu haka yake kwance a gangata. Ba wanda ya umarce su, ba wanda ya gani, a ƙarƙashin ƙasa suka shirya abinsu. Ni ba mai yawan addu'a ba ne, fasto zai gaya maka, amma na tsinci kaina ina cewa, "Ya Ubangiji."

Rolf ya share ido da hularsa ya ce, "In kin yanke, ta tafi."

"Na sani. Ba makauniya ba ce ni."

"Kuma 'yar ba ta rame ba. Dubi kaurinta."

"Na ce maka ina gani!"

Ta daɗe tana kallon cibiyar, almakashin a buɗe a hannunta. Al'ada ta ce ita ce mai yankewa, don haka babu mai iya cewa komai, har maigida. Leanne tana riƙe da ita ta baya, haɓarta a kan hular ulun. Tunda nake ban taɓa ganin Otti ta bari an riƙe ta tsawon haka ba.

Sai ta rufe almakashin, ta tura maƙullinsa da babban yatsa, ta jefa a aljihu.

"Tulu, mayar da ƙasar nan, kada iska ta shige su. Ka kawo turke mai ƙarfi ka tokare ta, ba irin ruɓaɓɓun da kake kawowa ba."

Na ce to.

Muka juyo muka fara gangarowa. Sandar ƙarfen tana can yashe a gindin Tsohuwa, ba wanda ya tuna da ita, ita ma ba ta tambaya ba. Da hannun Leanne ta sauko, taki ɗaya bayan ɗaya, tana mita cewa ana jan ta da sauri. Da muka iso ƙofar gidan dutse ta tsaya kusa da motar 'yarta tana haki, ta leƙa ta gilashin baya.

"Wannan shuɗiyar jakar da kike yawo da ita kowace Asabar, kina tsammanin ban gani ba?"

Leanne ta dubi jakar.

"Shigo da ita, kayan ciki sun isa yin wari. Kuma ki sani, ni ba na cin miya mai ruwa-ruwa irin taku ta asibiti."